Kafin a Sake Bhool Bhulaiyaa da Hausa, a Saurari Waɗannan Bayanai

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, muna roƙon ka sam mana fili a jaridarka mu yi magana a kan wani tsohon fim ɗin Indiya da ya haɗa ban tsoro da ban dariya, wato Bhool Bhulaiyaa na 2007, da tambayar da ke yawan tasowa in 'yan fim sun zauna hira: shin za a iya sake shi da Hausa? Amsarmu ita ce za a iya, kuma ƙasar Kabi tana da duk abin da labarin yake nema. Amma in da gaggawar da aka saba yi wa camama za a tunkare shi, gara a bar shi inda yake.

Da farko, shi kansa fim ɗin maimaici ne. Asalinsa Manichitrathazhu ne, na harshen Malayalam, wanda darakta Fazil ya fitar a 1993. An sake shi da Kannada a 2004, da Tamil a 2005 da sunan Chandramukhi, kafin Priyadarshan ya yi na Hindi da Akshay Kumar da Vidya Balan. Labarin da ya ratsa harsuna haka bai karye ba, ƙashin bayansa mai ƙarfi ne. Ango ya dawo gida daga Amurka da amaryarsa, suka sauka a tsohuwar fadar kakanninsa. Akwai ɗakin da aka kulle shekara da shekaru, don ana cewa kurwar wata mai rawar fada tana ciki, wadda sarki ya kashe mata masoyi ta rataye kanta. Amarya ta sa aka yi mata makulli ta buɗe. Aka fara jin motsi da waƙa da dare, dangi suka ɗora laifin a kan wata 'yar riƙon gidan da ta so auren angon. Sai da fim ya yi nisa sannan abokin ango, likitan ƙwaƙwalwa, ya iso, ya gano cewa amaryar ce ba ta da lafiya: ta ɗauki labarin matacciyar ta sa wa kanta, ba tare da ta san tana yi ba.

Duk wanda ya san zaman gidan gandu ya san wannan rikici. Yarinyar da aka yi wa alkawarin ɗan kawunta tun tana ƙarama, shi kuma ya je karatu ya dawo da bare. Da zarar wani abu ya faru a gidan, ita za a fara kallo, a ce ita ta yi asiri. Tambayar da ke tsakiyar fim ɗin kuwa, aljani ne ko ciwo ne, kullum ana yin ta a gidajenmu. Iyali su rabu biyu, wasu su ce a kira mai ruƙiyya, wasu su ce a nufi asibitin ƙwaƙwalwa na Kware. Wannan tambayar ita ce abin da ya cancanci a ɗauko. Rawa da kayan ado da fadar Indiya a bar wa masu su.

Sai dai kafin a rubuta layi ɗaya, a warware maganar haƙƙin mallaka. Wankiya, wato kwafar fim ɗin wani ba da izini ba, ta daɗe tana zubar mana da mutunci, kuma yanzu ga asara a kai. Dokar Indiya tana kare fim shekara 60, don haka ko na 1993 ɗin yana da mai shi, kuma Najeriya da Indiya duk suna cikin yarjejeniyar Berne ta kare haƙƙin mallaka. Hanya biyu ce. Ko a rubuta wa masu haƙƙin sakewa a nemi izini a rubuce, a kuma bincika wa ke riƙe da asalin labarin tunda na Hindi ma aro ya yi. Ko kuma a yi nesa da shi sosai. Doka ba ta hana kowa yin fim a kan ɗakin da aka kulle ko amarya mara lafiya ba. Abin da ta hana shi ne a bi fitowa bayan fitowa, a kwashe mutanen labarin da jerin abubuwan da suka faru a canza musu suna kawai. Sautin waƙarsa kuwa kada a kusance shi ko da daƙiƙa goma, domin na'urar YouTube tana gane kiɗa, ko ta toshe fim ɗin ko ta karkatar da kuɗin talla zuwa ga mai waƙar.

Matsala ta gaba ita ce asirin ya riga ya tonu. Masu kallon Indiya-Hausa sun san amarya ce. Wasu marubuta za su ce to a mai da aljanin na gaske, kamar yadda kashi na biyu na 2022 ya koma kan fatalwa sosai. Ba mu goyi bayan haka ba. Abin da ya fi shi ne a bar mai kallo ya gane da wuri, wajen minti 40, alhali mutanen gidan ba su gane ba. Daga nan fargaba ta koma kan taubashiyar da ake zargi: an kulle ta a ɗaki, ana shirin kai ta inda za a sa mata mari, mai kallo ya san ba ita ba ce kuma ba shi da bakin faɗa. Wannan ya fi duk wata fuska mai fiƙa tayar da hankali. Kuma a yi wa mai kallo adalci, a ajiye masa alamu uku da zai tuna daga baya, waɗanda ke nuna amarya ce ke dakan daren da za mu yi bayani a gaba: bororo a tafin hannun amaryar da ba ta saba aikin ƙarfi ba, dusar gero a gefen zanenta da safe, da barcin hantsi da ya zame mata jiki.

Ta fuskar addini akwai wata dama da na Indiya bai da ita. Fim ɗin Hausa ba zai ce babu aljanu ba. Akwai sura guda a Alƙur'ani da sunansu. Amma malamai sun karantar da mu cewa wanda ya mutu yana barzahu, ba ya dawowa ya zauna a ɗaki yana jiran fansa. Ke nan malamin kirki a cikin labarin shi zai fara cewa wannan magana ta kurwar matacciya ba ta da tushe, tun kafin likita ya iso. A na 2007 ma likitan da babban malamin addininsu haɗa kai suka yi. A namu, malam ya yi addu'a, ya hana a daki yarinya, ya ce a kira likita. Mai cin kuɗin mutane da hayaƙi da bulala a ware shi daban, ya zama boka ɗan damfara, a kansa dariya za ta sauka.

Yanzu ga inda fim irin wannan yake rayuwa ko ya mutu, wato sauti. A na Indiya ƙarar abin ƙafar mai rawa ce ke sanar da zuwanta. A nan ba mu da abin da ya kai daka. A ce matacciyar sa-ɗaka ce, wadda ta so wani makaɗin kotso na fada. Ƙarfe biyun dare, gari ya yi tsit, sai a ji taɓarya tana sauka a turmi daga sashen da aka toshe shekara 80. Duk wanda ya tashi a gidan Bahaushe ya san ba a daka a wannan lokaci, ba sai an yi masa bayani ba.

Ga yadda za a ɗauke shi. A sami turmin itace na gaske da gero mudu ɗaya a ciki, domin turmin da babu komai ƙararsa a bushe take, kunnen mata zai gane nan take. A ɗauki sautin sau uku: makirfo a nisan mita ɗaya, sannan a bayan katanga, sannan daga can ƙarshen gida kamar mita 20. Mai haɗa sauti zai fara da na nesa a daren farko, ya riƙa matso da shi dare bayan dare. Taɓarya ɗaya tak za a ji. Lugude na mutum biyu ko uku ya fi daɗin ji, amma mace ɗaya ce ke dakan, in aka sa lugude an ƙaryata ƙarshen fim ɗin. Sannan a tuna yawancin masu kallo a waya za su kalla, kuma lasifikar waya ba ta fitar da sauti mai zurfi. Dukan turmi zai ɓace in shi kaɗai ne. Don haka a haɗa da abin da waya ke iya fitarwa: tafin da mai daka ke yi in ta cilla taɓarya sama, da kacau ɗin awarwaro a hannunta. Waƙar daka kuma a nemi tsohuwa ta rera da bakinta, babu fiyano, babu na'urar gyaran murya. Baiti biyu sun isa, a riƙa maimaita su.

Janareta shi ne babban abokin gaba. A kai shi aƙalla mita 30, bayan gini, a jawo wuta da waya mai kauri, kuma ko kusa kada a shigar da shi ɗaki ko zaure don rage ƙara, hayaƙinsa yana kisa ba a ji ba a gani. A fitowar da ake raɗa, a kashe shi gaba ɗaya a yi aiki da fitilun batir. A kowane ɗaki, kafin a tashi, kowa ya yi shiru minti ɗaya a ɗauki shirun ɗakin. Wanda bai yi haka ba, in ya zo haɗa hoto zai ji sauti yana tsalle duk inda aka yanka, kuma tsoro ba ya jure wannan. Mu a ganinmu kashi ɗaya cikin biyar na kuɗin fim ɗin a ware shi don sauti tun ran gini.

Harshe ma makami ne. A na Hindi, in ciwon ya tashi amarya tana juyewa zuwa harshen Bengali. A nan akwai jarabar a sa ta yi Zabarmanci ko Dakarci ko Fulatanci. Kada a yi. Maƙwabtanmu ne, ba daidai ba ne a mai da harshen wata al'umma harshen iskoki. Akwai abin da ya fi kusa: amarya ta tashi a Kano ko Abuja, Hausarta ta birni ce, sai ga shi cikin dare ta juyo ta ce da mijinta, da tsohon Kabanci, "Wa yab buɗe mani ɗaki? Mi kuka biɗa?" Gashin jikin mai kallo zai tashi ba tare da an kashe ko sisi ba. Daga baya likita ya gano cewa kakarta Bakaba ce, ita ta raine ta da tatsuniya har aka raba su tana ƙarama. 'Yar wasan tana bukatar kamar mako uku tare da wata dattijuwa ta Argungu ko Augie, tana saurare tana maimaitawa. In aka bar ta ta kwaikwaya da ka, mutanen nan za su ji kamar ana yi musu ba'a, kuma wurin da ake so a firgita sai a fashe da dariya.

Gida kuwa na ƙasa za a nema, mai zaure da soro da rufin azara, da alkuki a bango inda ake ajiye fitila. Ban da kyan gani, bangon ƙasa yana shanye amsa-kuwwa, murya ta fito a tsabtace, saɓanin ɗakin siminti da tayil. Rufin kwano a guje shi, yana ƙara in rana ta buga shi. Mai tsara ɗaki ya je gidan tarihi na Kanta a Argungu, tsohuwar fadar da aka mai da gidan tarihi a 1958, ya ga yadda ƙofofi da kayan da suke, ya zana. Amma kada a nemi ɗaukar fim ɗin tsoro a can, akwai kaburburan sarakuna a ciki. Haka kuma garin labarin da sarautarsa su zama ƙirƙirarru. Labari ne na basaraken da ya yi kisa, ba a jingina shi ga gidan da jikokinsa ke raye.

Hasken dare shi ne wurin da finafinanmu suka fi faɗuwa: ko a haska ko'ina fayau kamar shagon tela, ko a bar duhu har ba a ganin fuska. Bangon jar ƙasa yana cinye haske, baƙar fata kuma tana son hasken da ya zo daga baya ko gefe ya zana gefen fuska. A ɗaga fitila ɗaya mai ƙarfin wat 200 zuwa 300 sama kamar mita huɗu ko biyar, a bayan ɗan wasa, a saita ta a 5600 na ma'aunin Kelbin, wato ma'aunin launin haske, kyamara kuma a wajen 4000. Wannan zai ba da shuɗin farin wata mai sauƙi. Fitilar ƙwai ko aci-balbal da ke hannun ɗan wasa ba ta isa ta haska shi ba, sai a ɓoye ƙaramar fitilar batir mai ruwan ɗorawa kusa da ita. A shafa ɗan man kaɗanya a goshi da kumatu don fata ta kama haske. Wutarmu tana bugawa sau 50 a daƙiƙa, don haka a ɗauka a firem 25, wato hoto 25 a daƙiƙa, shata kuma, wato tsawon buɗewar idon kyamara, a 1/50 na daƙiƙa. In aka bar kyamara a saitin Amurka, hoto zai riƙa kyaftawa. Ƙaramin janareta da ba ya riƙe gudu ɗaya ma yana jawo haka. Kowane dare a tura fitowa ɗaya cikin waya mai araha a kalla, domin duhun da ya yi kyau a allon kwamfuta yakan zama baƙin tabo a waya.

Shigar amarya in ciwon ya tashi ba ta son yawa. Tsohon zanen saƙi, kwalli da ya zarce gefen ido, ɗankwali da ya ɗan zame. Saƙin ya kasance mai ratsin fari, don baƙin rini zalla ɓacewa yake yi a duhu. Farar hoda ko toka a fuska, da jan ido na kwamfuta, su suka mai da aljanun finafinanmu abin wasan yara.

Lokacin aiki daga Nuwamba zuwa Fabrairu ya fi. Dare ya fi tsawo, hazon hunturu yana ba da hayaƙi kyauta, kuma babu kukan kwaɗin fadama da ke hana haɗa sauti da damina. Sai dai a rufe makirfo da rigar gashi saboda iska, a kuma daina canza gilashin kyamara a fili saboda ƙura. Na Hindi ya haura awa biyu da rabi. Namu minti 100 ya isa, wato shafi 100 na rubutu. Da rana ana iya ɗaukar shafi biyar ko shida, da dare da ƙyar a wuce uku. In shafi 60 na dare ne, a yi lissafin kwana 27 zuwa 28, ba kwana bakwai ba. Halin tsaro a sassan Zamfara da Kebbi ya sa ba hikima ba ne a kwana a bayan gari da fitilu da janareta. Maganin wannan yana hannu: duk fitowar dare ta cikin ɗaki a ɗauke ta da rana, a toshe taga da ƙofa da baƙin yadi ninki biyu. Daren gaske a bar shi ga tsakar gida kawai, a cikin gari, da sanin mai unguwa da jami'an tsaro. In ana kunna fitilar mai kusa da asabari ko zana, bokitin yashi biyu su kasance a gefe.

Ban dariya kuwa doka ɗaya ce ke riƙe da shi, kuma ita ce sirrin tsohon fim ɗin: mara lafiyar ba ta taɓa zama abin dariya. Masu ba da dariya su ne masu lafiya da tsoro ya kama. Dogarin da ke cika baki da rana, dare na yi ya nemi rakiya zuwa bayi. Kawun da ya rataya laya bakwai yana cewa shi bai yarda da camfi ba. Ga wasan jika da kaka, ga na taubasai, ga na masunta da mahauta, duk a shirye suke ba sai an ƙirƙiro ba. Marigayi Rabilu Musa Ibro, wanda ya rasu a Disamba 2014, ya nuna cewa fuskar matsoraci kaɗai tana iya riƙe fitowa. Amma a nan a ba 'yan barkwanci rubutaccen layi da iyaka, don in aka sake musu fitowar minti biyu za ta koma goma, tsoron da aka tara ya huce.

Wajen ɗauka, dariya tana son hoto mai faɗi, a ga mutum biyu ko uku tare da abin da kowa ke yi. Tsoro yana son hoto matsattse, inda mai kallo ba ya ganin abin da ke bayan ɗan wasa. Bayan an firgita mutane, a bar daƙiƙa biyu ko uku na shiru kafin wani ya yi maganar ban dariya. In aka haɗa su a numfashi ɗaya, kowanne ya kashe ɗan'uwansa. Ƙananan sautukan nan na zolaya da ake liƙawa duk inda aka yi barkwanci a cire su sam. Kuma daga lokacin da dakan ya matso cikin gida, kamar minti 20 na ƙarshe, barkwanci ya janye.

Ƙarshen ne muke roƙon a canza. A tsohon fim ɗin an yaudari amarya ta sari mutum-mutumi tana zaton sarkin ta kashe, sai ta warke a dare ɗaya. A allo ya ƙayatar, amma ba haka ake jinyar wannan ciwo ba. Likitoci suna ɗaukar watanni, wani lokaci shekaru, suna zama da mara lafiya. Mutanenmu suna ɗaukar darasi daga fim, kada wani ya gwada wannan a kan 'yarsa. Tun Janairun 2023 Najeriya ta sami sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbin ta 1958, wadda ta tanadi kare mutuncin masu wannan lalura. A ba likitan ƙwaƙwalwa da malami rubutun su karanta kafin a kai shi hukumar tace finafinai. Daren ƙarshe zai iya zama daren da miji ya bi sautin dakan shi kaɗai da fitila, ya ture ƙyauren, ya tarar da matarsa a kan turmi, ya kira ta da sunanta har ta saki taɓaryar. Washegari dattawan gidan su je ɗakin da suka kulle taubashiyar, su buɗe da hannunsu, su nemi gafararta a gaban kowa. Sannan a ga mota a ƙofar gida, uwar miji ta riƙo jakar amarya.

Muna fatan furodusoshi da marubuta na Birnin Kebbi da Gusau za su duba wannan, kuma in akwai mai ganin akasin abin da muka faɗa, ya amsa mana ta wannan fili. Mun gode, Allah ya ƙara wa jaridarka albarka.

Wassalam.

Daga wasu ma'aikatan ɗaukar hoto da sauti,
Birnin Kebbi, Jihar Kebbi.